Wane Irin Jirgi Za Mu Saya Domin Kamun Kifi?

 Tun bayan kaka jam'iyyun gama kai guda uku na bakin Tafkin Kainji suka aiko mini da tambaya iri ɗaya. Sun sayar da amfanin gonar jam'iyya, kuɗi ya ɗan taru a hannun ma'aji, suna so su sayi jirgi domin samarinsu su riƙa kamun kifi da rani maimakon su tafi ci-rani birni. Wannan shawara ce mai kyau. Amma ɗaya daga cikin wasiƙun ta soma da cewa, "Malam, inji mai doki nawa ya kamata mu saya?" Wannan tambaya ta yi gaggawar zuwa. Inji shi ne abu na ƙarshe da za a yi maganarsa, wani lokaci ma ba za a kai kansa ba sam.

Bari in faɗa muku abin da ya sa na ce haka. Ni ɗan tudu ne. A kwalejin horon malamai an koya mana kiwon kaji da zomo da yin takin gargajiya, ba wanda ya taɓa yi mana zancen jirgi. Shekara huɗu da suka wuce wata jam'iyya ta kira ni in zauna da kwamitinta ran da za su yanke shawarar sayen jirgi. Wani mutum yana sayar da tsohon jirginsa na ɗaukar kaya, tsawonsa ƙafa 40, tare da inji mai doki 40, a kan kuɗin da kowa ya ce araha ne. Muka je muka gani, an yi masa sabon fenti shuɗi, yana walƙiya. Ni ma na ce a saya. Ashe ganin kitse mu ke yi wa rogo. Mashigin ƙauyen nan ba shi da zurfi, ga ciyawar burgu, sai ya zamana jirgin ba ya isowa gaɓa sai ruwa ya cika. Mutum biyu ba su iya tuƙa shi da filafili. Ba ya shiga tsakanin kututture inda kifin ya ke. Kullum aka fita, kuɗin mai ya fi kuɗin kifi. Kafin damina ta biyu katakon ƙasa da fenti ya rufe ya nuna halinsa. Ajiyar shekara uku ta mutum ashirin da biyu ita ce ta ruɓe a bakin ruwan nan. Daga nan ne na tafi na zauna wurin Sarkawa da masu ƙera jirgi, na yi ta tambaya kamar yaro ɗan aji ɗaya. Abin da zan rubuta a nan yawancinsa daga bakinsu na same shi.

Ruwa ne ke zaɓen jirgi

Kafin ku je wurin kafinta, ku je bakin ruwanku ku dube shi da kyau, a lokacin cikarsa da lokacin janyewarsa.

An gama madatsar Kainji a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta tsawonsa wajen kilomita 136 ne, daga madatsa zuwa wajen Yawuri, faɗinsa kuwa a tsakiya ya kai kilomita 24. Watau ba ruwa iri ɗaya ba ne. A tsakiya, wajen tsibirin Foge, fili ne fetal, in iska ta taso ba abin da ke tare ta, igiyar ruwa ta kan yi tsawon da za ta cika ƙaramin jirgi nan da nan. A arewa kuwa, wajen Yawuri da Zamare, ya fi kama da kogi, da tsibirai da rassa da fadamu. Sa'an nan a kowace shekara ruwan ya kan sauka ya hau da kimanin ƙafa 30. Farin ruwa ya kan zo da damina daga ruwan saman ƙasarmu, baƙin ruwa kuma ya iso da sanyi bayan ya yi doguwar tafiya daga duwatsun ƙasar Gini. Wurin da ku ka ɗaure jirgi a watan Janairu, a watan Yuli yana iya zama busasshiyar ƙasa ko taɓo. Kuma da aka tare kogin ba dukan itatuwa aka sare ba. Har yau kututturansu suna nan a tsaye a ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya ja sai su matso kusa da sama.

Saboda haka ku amsa wa kanku waɗannan. Daga mashiginku zuwa inda za a sa raga, tafiyar minti nawa ce da filafili? Za a ratsa fili mai iska, ko kuwa gefe za a bi? In ruwa ya ja ƙwarai, zurfin mashigin ya kai gwiwa? Wanda zai kama kifi a cikin reshe ko fadama yana bukatar jirgi marar nauyi, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ba ya nutsa da yawa, wanda mutum biyu za su iya ja bisa taɓo. Wanda zai ratsa fili yana bukatar jirgi mai tsawo, mai bango mai bisa, mai goshi a ɗage domin ya hau igiyar ruwa maimakon ya soke ta. Jirgi ɗaya ba ya yin ayyukan nan biyu daidai wa daida. Ku zaɓi wanda za ku fi yi.

'Yan'uwanmu na bakin Binuwai, daga Numan zuwa Ibi, nasu ruwan dabam ne. Da rani yashi ya kan fito ko'ina, hanyar bana ba ita ce ta bara ba, gwangwala ta fi filafili amfani. Da damina kuwa ruwa yana gudu da ƙarfi, balle in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Masu ƙananan madatsu da tabkuna na ƙauye kuwa ba su bukatar babban abu. A waɗansu wurare, kamar fadamun Haɗeja, masunta da yawa a kan babban gora su ke kwanciya su yi aikinsu, ba su da jirgi ko kaɗan, suna kuwa ci da iyalinsu.

Abu na biyu shi ne irin kayan kamun da za ku yi aiki da su. Mai jefa birgi a tsaye ya ke a goshin jirgi, yana juya jiki da nauyin raga da darma a kafaɗarsa. Yana bukatar jirgi mai faɗin gindi wanda ba ya rawa, da ɗan dakali a gaba inda zai taka. Mai kalli, watau ragar da a ke shimfiɗawa a bar ta ta kwana, yana bukatar wurin tara raga, da bakin jirgi mai santsi. Ƙusa ɗaya da ta fito a bakin jirgi ta isa ta yayyaga ragar da aka saya da kuɗin buhun masara. Mai ƙugiya ƙaramin jirgi ya ishe shi. Mai gura, irin tarkon nan da masuntan Mali suka kawo, kayansa ba su da nauyi amma suna cin wuri, kuma in an tula su sama iska tana kama su. Dala kuwa, babbar ragar nan mai ƙananan ido da a ke ja zuwa gaɓa domin warangi, ita ce ke bukatar babban jirgi da mutane da yawa. Kada ku sa ta cikin lissafinku. A ƙarshen shekarun 1990 jihohin Neja da Kebbi suka hana ta a tafkin, domin tana kwashe 'ya'yan giwan ruwa da na karfasa tun ba su girma ba.

Na sassaƙa, na katako, da na faiba

Jirgin sassaƙa shi ne na kakanni, itace guda a ke sarewa a rarake cikinsa. Ba shi da haɗi, saboda haka ba shi da wurin yoyo sai in ya tsage. In an yi shi da maɗaci ko kawo ya kan daɗe ƙwarai. Amma yana da nauyi, yawanci siriri ne, wanda bai saba ba yana taka shi sai ya juye. Babbar wahalarsa yanzu ita ce itacen. Manyan maɗatai da za su ba da jirgi sun yi wuya a ƙasarmu, waɗanda suka rage kuwa bai kamata a sare su ba, gama ba a shekara goma ko ashirin su ke kai wannan girma ba. Na rimi yana da sauƙin sassaƙa da sauƙin ɗauka, amma itace ne mai taushi, ba ya jimrewa. In wani dattijo yana sayar da tsohon na maɗaci mai lafiya, kuma aikinku na cikin fadama ne, ku saya. In ba haka ba ku wuce.

Na faiba ba ya ruɓa, ba shi da nauyi, ba ya shan ruwa. Na taɓa shiga, na ji daɗinsa. Amma tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin jam'iyyunmu, kuma in kututture ya huda shi, kafintan ƙauye ba shi da abin da zai yi masa. Sai an nemo ƙyallensa da ruwan haɗinsa daga birni, da wanda ya iya. Ga kuma wani abu: katako ko ya cika da ruwa ya kan tsaya a sama, mutane su riƙe shi, faiba kuwa in ba a gina masa soso ko akwatin iska a ciki ba, ƙasa ya ke tafiya. Duk wanda zai sayi na faiba ya tambayi wannan.

Saura na katako, shi ne kuwa ya cika tafkin. Ana ƙera shi a Yawuri da sauran manyan mashigai, kuma kusan kowane gari na bakin ruwa yana da mai gyaransa. Wannan kaɗai ya isa dalili. Jirgin da za a iya gyarawa ran Talata a koma ruwa ran Laraba ya fi jirgi mai kyau da zai yi wata biyu a kife yana jiran mai gyara. A ganina, ga jam'iyyar manoma da ke fara wannan sana'a, jirgin katako mai tsawon ƙafa 20 zuwa 24, wanda mutum biyu ko uku za su tuƙa da filafili, shi ne daidai. In kuɗin ya isa, gara a sayi irinsa biyu da a sayi babba guda. Ɗaya yana gyara, ɗaya yana ruwa. In kuma an fita tare, wani yana ganin wani.

Yadda a ke duba jirgin katako

A nan ne a ke cutar baƙo, saboda haka zan daɗe a kai.

Da fari, kada ku tafi ku kaɗai. Ku roƙi wani tsohon masunci ya raka ku, ku biya masa kuɗin mota da na goro. Wannan ɗan kuɗi zai tsare muku mai yawa. In da hali, gara a ba da aikin sabo ku riƙa zuwa kuna gani, da a sayi wanda aka riga aka shafe da fenti da kwalta. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Ku dubi katakon tun yana ƙasa. Jan katako mai nauyi, irin su maɗaci da loko, shi ne na gindin jirgi. Farin katako marar nauyi yana da araha, kafinta yana son sa domin ƙusa tana shiga da sauƙi, amma yana shan ruwa ya ruɓe da wuri. In kuɗi bai kai a yi duka da ja ba, a yi gindi da layin farko na bango da ja, a sa fari a sama inda ruwa bai cika zama ba. Ko a jan katakon ma, ku lura da gefen da ya yi fari-fari. Wannan shi ne naman itace na kusa da ɓawo, shi ne ke fara ruɓa, ƙwari kuma shi su ke so. A yanke shi a yar. Falankin da ke da ido, watau gurbin reshe, kada ya shiga gindi, gama idon ya kan faɗi ya bar rami. Kaurin falankin gindi kada ya gaza inci ɗaya bayan an goge shi. Ku je da abin awo, kada ku yarda da "ai inci ɗaya ne".

Katakon kuma ya zama ya sha iska. Ɗanyen katako in an buga shi, yana bushewa sai ya tsuke, haɗin ya buɗe. Busasshe kuwa in ya shiga ruwa sai ya kumbura ya matse haɗin da kansa. Wanda ya taɓa sa ƙofar ɗanyen katako a ɗakinsa ya san wannan.

Falanki a kasuwa yawanci ƙafa 12 ne, jirginku kuwa ya fi haka tsawo, dole a yi haɗi. Ku duba kada haɗe-haɗen su faɗo a layi ɗaya. In haɗin gindi da na bangon dama da na hagu duk suna tsakiyar jirgi, kun sayi jirgi biyu ne da aka manna, ran da igiyar ruwa ta ɗaga goshi da baya ta bar tsakiya, a nan zai karye. Magina sun san wannan, ba su jera bakin tubali a kan bakin tubali. Kowane haɗi kuma a sa masa wani guntun katako a ciki wanda ya haye ɓangarorin biyu.

Sai haƙarƙari, watau itatuwan da ke riƙe gindi da bango daga ciki. Ku ƙirga su. Mai son rage kuɗi a nan ya ke ragewa, domin mai saye ba ya lura. Ku sa hannu biyu ku kama bakin jirgi ku girgiza da ƙarfi. In bango yana motsi dabam da gindi, haƙarƙarin bai isa ba. Benci na tsakiya ma ba wurin zama kaɗai ba ne, shi ke hana bango buɗewa, kada a bar kowa ya cire shi domin neman wurin kaya.

Ƙusa ta zama mai ruwan nan fari irin na ƙusar kwano, wadda ba ta saurin tsatsa. Baƙar ƙusa ta kan ci kanta a cikin katako, a waje ka ga kanta lafiya lau, a ciki kuwa ta zama zare. A lanƙwasa bakin kowace ƙusa a mayar da shi cikin katako. Haɗin falanki a cusa masa auduga ko zaren buhu, a bi da kwalta mai zafi. Waɗansu su kan ƙara da ɗan falle na kwano a kai. Ba laifi, amma a tsohon jirgi fallen kwano da yawa alama ce ta ciwo da yawa.

In tsoho za ku saya, ku sa a fito da shi a kife shi a tudu. Mai jirgin da ya ƙi wannan ya riga ya ba ku amsa. Ku ɗauki ƙusa babba ko bakin wuƙa ku bi gindi kuna dannawa, musamman kusurwar da gindi ya gamu da bango, da ƙarƙashin haƙarƙari, da can baya inda ruwa ke kwanciya. Lafiyayyen katako ba ya karɓar ƙusa da hannu. Ku ƙwanƙwasa kuma ku saurara, mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa kamar ka bugi kabewa. Sabon fenti a kan tsohon jirgi bai kamata ya faranta muku rai ba. Da na san wannan a shekarar da na ba ku labari, da jam'iyyar nan ba ta yi hasara ba.

Maganar inji

Yanzu mu komo kan tambayar wasiƙar nan. A ƙidayar jiragen masunta da aka yi a tafkin cikin shekarun 1990, a kowane jirage goma ɗaya ne ko biyu ke da inji. Sauran duk filafili ne da gwangwala, waɗansu kuma su ɗinka buhuna su kafa a sanda iska ta tura su. A lokacin kuwa mai yana da araha. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau uku, kuɗin kifi a bakin ruwa kuwa ba manomi ke yanka shi ba.

Ga lissafin da za ku yi a taron jam'iyya, a kan allo, kowa yana gani. Inji mai doki 15, irin wanda a ke haɗa wa fetur da baƙin mai, in an buɗe masa wuta duka yana shan wajen lita 7 a awa guda. Mai doki 40 yana shan wajen lita 20. In wurin sa ragarku tafiyar awa guda ce, zuwa da komowa lita 14 ke nan ga ƙaramin. In kuwa da yamma a ke sa raga a koma da asuba a ɗebe, sai ku ninka. Ku tambayi kuɗin lita a garinku, ku ƙara na baƙin mai, sa'an nan ku tambayi masunta abin da jirgi ɗaya ke samu a ranar da ba ta yi kyau ba, ba ranar sa'a ba. In kuɗin mai ya cinye rabin wannan, injin ba naku ba ne, ku ne nasa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Jirgin katako mai nauyi ba ya tashi bisa ruwa, ture ruwan ya ke yi. Irin wannan jirgi yana da iyakar gudunsa bisa ga tsawonsa. In ya kai iyakar nan, ƙarin wuta ba ya ƙara gudu sai kaɗan, sai dai baya ya nutse, goshi ya ɗaga, mai ya ƙone. Domin haka babban inji a kan ƙaramin jirgi ɓarna ce, hatsari ne kuma. Mai doki 15 nauyinsa ya kusa kilo 40, mai doki 40 ya haura kilo 70, duk a rataye a baya. Wanda ya ke da inji ma, in ya rage wuta kaɗan zai isa kusan lokaci ɗaya, ya sami ragowar mai a tanki.

Ba na ce inji ba shi da amfani ba. In wurin kamunku yana da nisa, ko kuwa kasuwa tana hayi kuma kifi yana lalacewa kafin a kai, inji yana biyan kansa. Dabarar da na gani wurin masunta ita ce inji ɗaya ya ja ƙananan jirage uku ko huɗu zuwa wurin aiki, kowa ya yi nasa da filafili, a komo tare. Wannan ya dace da jam'iyya ƙwarai. Shawarata ita ce ku yi shekara guda da filafili tukuna, kuna rubuta abin da ku ke samu. Amma tun wurin ƙera jirgin ku gaya wa kafinta ya yi bayan da katako mai kauri, domin in an sami inji daga baya a sami wurin ɗaura shi. Ƙafar inji iri biyu ce, gajera ta bayan jirgi mai tsayin inci 15, doguwa ta mai inci 20. In ba su dace ba, ko farfela ta riƙa kama iska, ko ta riƙa bugun ƙasa. Ku sayi irin injin da makanikin kusa da ku ya sani, wanda a ke samun fulogi da farfelarsa a kasuwarku. A wannan tafki Yamaha ce ta fi yawa. Awon baƙin mai kuwa a bi abin da littafin injin ya ce, kada a yi da ka.

Ranar gwaji, da abin da za a rubuta

Kada a biya kuɗi duka sai an gwada jirgi a ruwa. Ku raba biyan kashi uku, na sayen katako, na tsakiyar aiki, da na bayan gwaji, a rubuta a takarda da shaidu. Sabon jirgi ya kan yi ɗan yoyo kwana biyu ko uku kafin katako ya kumbura, wannan ba abin damuwa ba ne. In ya wuce mako yana yi, a mayar wa mai shi.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau jarka mai lita 25 in an cika ta kilo 25 ke nan. A wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, ku shiga da mutanen da za su riƙa aiki da jirgin, da ragarsu a jiƙe, sa'an nan ku riƙa sa jarkoki cike da ruwa a madadin kifi. Ku tsaya sa'ad da abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, a wurin da ya fi ƙasa, ya kai taƙi ɗaya na babban mutum. Wanda zai ratsa fili ya bar fiye da haka. Ku sa alama a daidai inda ruwa ya tsaya, in an fito a ja layi da jan fenti kewaye da jirgin. Daga ran nan dokar jam'iyya ce, in jan layi ya nutse, a rage kaya. Mai birgi kuma ya tsaya a goshi ya jefa sau biyu uku a gani.

Jarkokin nan suna da wani aiki. Jarkar da ba kome a ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana ɗaga kusan kilo 25 a ruwa. Ku ɗaure biyu a ƙarƙashin bencin baya, biyu a gaba, ɗauri na ƙwarai. In jirgi ya cika da ruwa za su taimaka ya tsaya a sama, ko da nauyin inji. Amma jarka ba ta maye gurbin rigar ruwa. Kuɗin rigar ruwa ta kowane mutum a sa shi cikin kuɗin jirgi tun farko, tare da ƙwaryar kwarfe ruwa, da filafili na ajiya, da igiya, da tocila. Samarinmu 'ya'yan manoma ne, da yawansu ba su iya iyo kamar 'ya'yan Sarkawa ba, wanda ya iya ma ba ya iyon kilomita biyar cikin iska. A farkon damina hadari ya kan taso daga gabas farat ɗaya. In gabas ta yi baƙi, a bar raga a nemi gaɓa, ragar ba za ta gudu ba.

Wani gwaji zai zo muku wanda ba na ruwa ba ne. Ran kasuwa mutane za su taru a mashigi su ce jirgin jam'iyya ne, a haye da su, da buhunansu da awakinsu. Mai roƙon kuwa surukinka ne ko matar wanka. Ku tuna da ran 26 ga Mayu 2021, sa'ad da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya tarwatse a wannan ruwa namu da mutum fiye da 150 a ciki. Gawawwakin da aka tsamo sun haura 70. Wancan jirgin fasinja ne ma, babba, kaya ne suka fi ƙarfinsa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, mai babban ofishi a Lakwaja, ta hana jigilar mutane da dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Jirgin kamun kifi mai ƙafa 22 ba na jigila ba ne ko da rana. Ku rubuta wannan cikin dokokinku tun jirgi bai iso ba, domin yaron da ke riƙe da filafili ya iya cewa, "Baba, ba ni na hana ba, jam'iyya ce."

A cikin dokokin kuma a ambaci mutum ɗaya da jirgi ke hannunsa, gama abin da ya ke na kowa ba mai kwarfe masa ruwa. Ruwan sama da ke kwana a cikin jirgi shi ke ruɓar da shi, rana kuma ita ke tsaga shi in an bar shi a tudu ba rufi. Mu manoma ne, da damina gona za ta ɗauke mu wata huɗu ko biyar. A wannan lokaci ko dai a ba wani masunci amintacce haya da sharaɗi a rubuce, ko a fito da jirgin a kife shi a kan itatuwa a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, a rufe da zana. Daga kuɗin kowane kamu ma'aji ya ware wani kashi na gyara da na sayen sabo kafin a raba saura. Ku je ofishin kifi na jiharku ku tambayi maganar lasisi da girman idon ragar da doka ta yarda da shi, ku kuma gai da Sarkin Ruwa na mashiginku kafin ku sa jirgi a ruwa, gama shi ya san inda kowa ke sa ragarsa. Waɗanda ke kusa da Sabuwar Busa suna iya neman shawara a cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke can.

Jam'iyyar da ta shirya gwada jirginta ta aiko mini da rana tun da sauran mako biyu. Zan zo da abin awo da gwangwanin jan fenti, ku kuma ku tanadi jarkoki ashirin.